Ƙwayoyin "ƙarin garkuwa" da ake tallata mana a Jidda, da aikin da Farfesa Allison ya yi

A makon jiya aka turo wani saƙon murya a zauren WhatsApp na 'yan unguwarmu a nan Jidda. Wata baiwar Allah ce ke tallan ƙwayoyi a kwalba. Ta ce suna ƙara garkuwar jiki, garkuwar kuma ita ke cinye ciwon daji, wai har Turawa sun ba wanda ya gano haka kyautar Nobel. Kafin la'asar mutum uku sun nemi lambarta. Ɗaya daga cikinsu na san ta. Yayarta na kwance a gida Najeriya da ciwon nono, kuɗin da za ta sayi kwalbar kuwa na aikatau ne da ta yi wata guda tana tarawa.

Abin da ya fi damuna shi ne rabin maganar mai tallar gaskiya ne. An ba da kyautar, kuma garkuwar jiki tana iya kashe ciwon daji. Da wannan rabin gaskiyar ake yi mana sakiyar da ba ruwa. Shi ya sa na ga ya kamata mu san abin da mutumin nan ya gano, mu san inda aikinsa ya tsaya, sannan mu san rabonmu a ciki.

Sunansa James Allison, Ba'amurke ne da aka haifa a jihar Texas a 1948. Yana yaro mahaifiyarsa ta rasu da ciwon daji. Kafin ma Turawan Suwidin su ba shi Nobel a watan Oktoban 2018 tare da Tasuku Honjo na Japan, Saudiyya ta riga su: a farkon shekarar ta 2018 aka ba shi lambar yabo ta Sarki Faisal a fannin likitanci, aka kira shi Riyad ya karɓa. Ke nan ba baƙo ba ne a ƙasar da muke zaune.

Ga abin da ya gano a taƙaice. A cikin jininmu akwai wasu sojoji da ake kira ƙwayoyin T. Aikinsu su farauci duk abin da ba na jiki ba su kashe shi. Amma Allah Ya yi musu birki, don kada su yi ta ɓarin wuta har su afka wa jikin da suke gadi. Allison ya yi nazarin ɗaya daga cikin birkunan nan mai suna CTLA-4 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Ya haɗa wani sinadari da ke toshe birkin, ya yi wa ɓeraye masu ƙari allurarsa, sai ƙarin ya narke. An buga sakamakon a 1996. Shi kuwa Honjo tun 1992 ya gano wani birkin na daban mai suna PD-1 a Jami'ar Kyoto, wanda daga baya aka fahimci ciwon daji yana takawa don sojojin su ƙyale shi.

Daga ɓera zuwa mutum sai da aka yi shekara 15. Kamfanoni da yawa sun juya wa Allison baya, don kafin shi an sha gwada yaƙar ciwon daji da garkuwar jiki ba a ci nasara ba. Sai a 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin farko, ipilimumab, don sankarar fata mai suna melanoma wadda ta riga ta bazu. A 2014 magungunan da ke toshe birkin Honjo suka fito, irin su nivolumab da pembrolizumab wanda ake sayarwa da sunan Keytruda.

In kana son misalin da ka sani, tuna Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka da ya haɗa kai da Janar Yakubu Gowon wajen yaƙi da kurkunu a ƙauyukanmu. A 2015, yana da shekara 90, ya sanar cewa melanoma ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa. Aka yi masa tiyata, aka gasa wurin da haske, aka ɗora shi a kan pembrolizumab. Bai rasu ba sai a Disamban 2024, yana da shekara 100. A da, mai irin wannan ciwon in ya kai ƙwaƙwalwa watanni ake ƙirga masa.

To amma a nan mai talla take yin shiru. Maganin Allison ba ya yi wa kowa aiki. A cikin masu melanoma da aka ba ipilimumab shi kaɗai, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ya daɗe a raye. Nasara ce babba in aka tuna yadda abin yake a da, amma huɗu cikin biyar fa ba su samu ba. Na biyu, sakin birki yana da haɗari. Sojojin da aka kwance sukan afka wa hanji, ko huhu, ko hanta, ko maƙoƙo, wani lokaci har a rasa rai. Shi ya sa ta jijiya ake ba da shi a asibiti, bayan an yanki naman ƙarin an auna an san irinsa, likita kuma yana duba jini a kai a kai. Duk wanda ya ce miki ƙwayarsa tana "ƙara garkuwa" har ta narkar da daji, kuma ba ta da wata illa, to ya faɗa miki da bakinsa cewa ba ta yin komai. Abin da ke da ƙarfin tayar da sojojin nan dole yana da ƙarfin yin ɓarna.

Sai batun kuɗi. Lokacin da ipilimumab ya fito, allura huɗu dala 120,000 ce. Keytruda kuwa a 2023 ya samar wa kamfaninsa kusan dala biliyan 25. A nan Jidda ana ba da irin waɗannan magunguna a manyan asibitoci kamar reshen Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal da Cibiyar Ciwon Daji ta Gimbiya Nura. Saudiyya ma ta wuce nan: a 2024 asibitin Sarki Faisal na Riyad ya sanar da fara sarrafa ƙwayoyin T na majinyaci a gida, dabarar da ake kira CAR-T, wadda ya ce za ta sauko da kuɗin daga riyal miliyan 1.3 zuwa kusan 250,000. An sauko sosai, amma ka lissafa shekara nawa direba ko mai aikatau a Sabil ko Karantina zai yi kafin ya ga riyal 250,000 a hannunsa. Ga asibitin muna wucewa ta gabansa a mota, ga maganin a ciki, amma ga wanda ba shi da inshora mai ƙarfi, ko wanda igamarsa ta mutu, kamar a wata duniya yake. A gida kuwa, inda alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya ke nuna sama da mutum 120,000 na kamuwa da ciwon daji duk shekara a Najeriya, kusan 80,000 kuma na mutuwa, mafi yawan masu jinya daga aljihunsu suke biya.

Na san abin da wani zai ce: "To malam, ka hana mu na kwalba, na asibiti kuma ya fi ƙarfinmu, mu zauna mu zuba ido ke nan?" A'a. Akwai hanyar sa garkuwar jiki ta tare ciwon daji wadda ta girmi maganin Allison, kuma kyauta ake ba da ita. Allurar rigakafi ce. Biyu daga cikin cututtukan dajin da suka fi kashe mutanenmu ƙwayar cuta ce ke jawo su, kuma dukansu akwai allurarsu.

Na farko dajin hanta, wanda yawancinsa a ƙasashenmu daga ciwon hanta nau'in B yake tasowa. Jaririn da ya kamu tun haihuwa, tara cikin goma cutar zama take yi a jikinsa, tana cin hantar a ɓoye har ya girma. Taiwan ta fara yi wa jarirai allurar a 1984, kuma aka ga dajin hanta ya ragu a yaransu. Saudiyya ta fara a 1989, lokacin kusan kashi 7 cikin 100 na yaranta na ɗauke da ƙwayar. Cikin shekara goma abin ya faɗo ƙasa da kashi 1. Najeriya ta sa ta cikin alluran yara a 2004. Sharaɗin shi ne a yi ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Mu kuwa da yawanmu a gida ake haihuwa, jariri ba ya fita sai bayan suna, wani ma sai an yi arba'in. Ragon suna zai iya jiran kwana bakwai, allurar nan ba ta jira.

Na biyu dajin bakin mahaifa, wanda ƙwayar HPV ke haddasawa. A 2020 mata kusan 12,000 suka kamu da shi a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurarsa, guda ɗaya tak, Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin rukunin farko, sauran jihohi suka biyo baya a 2024. A nan ma ana yi wa 'yan matan makaranta. Amma tun ba a fara ba saƙonnin murya suka cika wayoyinmu cewa ta hana haihuwa ce.

Ba zan ce tsoron mutanenmu ba shi da tushe ba. A shekarar da Allison ya buga bincikensa, 1996, a ita ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, yara 11 suka mutu, aka yi ta shari'a shekara da shekaru. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma mun ga abin da ƙaurace wa allurar shan inna a 2003 ya jawo: yara suka shanye, cutar ta tsallaka ƙasashe, har sai da aka riƙa ɗiga wa alhazanmu maganin a filin jirgin Jidda. Darasin Trovan shi ne mu tambaya, mu nemi a yi mana bayani, mu san wa ya amince da magani. Allurar hanta an yi shekara 40 ana yi wa jarirai a duniya, har da 'ya'yan Larabawan da muke yi wa aiki. Ƙwayar cikin kwalba kuwa wa ya auna ta? Abin mamaki, mai gudun allurar da aka gwada a kan miliyoyin mutane shi ne ke haɗiye ƙwayar da ba a san inda aka haɗa ta ba.

Saboda haka ga roƙona ga 'yan uwa mazauna nan. In za mu aika kuɗi gida don mara lafiya, mu aika da sharaɗin a je asibitin koyarwa, Kano ko Zariya ko Sakkwato, a yanki naman a auna tun ƙullutun yana ƙarami. Dajin nono da aka kama da wuri, tiyata da magungunan da aka daɗe da sani suna warkar da shi, ba sai an kai ga Keytruda ba. In ƙanwarki ta haihu, kafin ki tambayi sunan da za a sa, tambayi ko an yi wa jaririn allurar hanta. In kana da 'ya mai shekara tara a gida ko a nan, ka bincika ko an yi mata tata. Shugabannin al'ummarmu kuma su zauna da ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda a samo hanyar da yaran da takardun iyayensu suka samu matsala ba za su rasa alluransu ba. Masu kula da zaurukan WhatsApp su daina barin tallan magani yana wucewa don ana jin kunyar mai shi.

Akwai kuma aiki mai dogon zango. A 2028 ake sa ran haƙƙin mallakar Keytruda zai fara ƙarewa a Amurka, wasu kamfanoni su yi irinsa mai sauƙin kuɗi. Ranar da ya yi araha, zai buƙaci ɗakin gwaji da zai tantance wa zai amfana da shi, da likitan da ya san illarsa. 'Ya'yanmu da ke karatu a Jami'ar Sarki Abdul'aziz da sauran jami'o'in ƙasar nan, mu ƙarfafa wa masu sha'awar wannan fanni gwiwa, ko da zai ɗauke su shekaru kamar yadda ya ɗauki Allison.

Ita kuwa 'yar uwar tamu, na kira ta na roƙe ta ta tura kuɗin a kai yayarta asibiti a yi gwajin. Ta ce za ta yi shawara da mutanen gida. Allah Ya sa su yarda, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.