Daga Soweto Zuwa Mairi: Wariya Ba Ta Da Ƙarama

Duk wanda ya bi hanyar Bama a Maiduguri, ya ratsa unguwar Mairi da ke maƙwabtaka da jami'a, zai ji harsuna iri iri suna tashi daga ɗakunan hayar ɗalibai: ga Barebari, ga Shuwa, ga Margi da Babur, ga Hausawa da Fulani, ga kuma 'yan Kudu. Wuri irin wannan shi ya fi cancanta a zauna a tattauna batun wariya, domin a nan ne yaro kan fara kwana ɗaki ɗaya da wanda ba harshensu ɗaya ba.

An kafa Jami'ar Maiduguri a 1975, wato ta buɗe ido ne a lokacin da yaƙi da wariyar launin fata ya kai gaɓa mai zafi. Ranar 16 ga Yuni, 1976, 'yan sandan Afirka ta Kudu suka buɗe wa 'yan makaranta wuta a Soweto, don kawai sun ƙi yarda a tilasta musu karatu da harshen Afirkans. A cikin shekarar ne gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa asusun taimakon Kudancin Afirka, ma'aikata suka ba da kashi 2 cikin 100 na albashinsu, ɗalibai kuma suka riƙa haƙura da abincin rana don su jefa nasu kwabon. A 1977 aka yi taron duniya na yaƙi da wariya a Legas. Daga baya Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wannan aƙida, Janar Joseph Garba kuma ya biyo bayansa. Da aka saki Nelson Mandela ranar 11 ga Fabrairu, 1990, Nijeriya tana cikin ƙasashen da ya zo yi wa godiya a shekarar.

To, amma masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A daidai lokacin da ake la'antar Turawan Afirka ta Kudu, sai ga wani abin kunya ya auku a Maiduguri. Cikin Janairu 1980, gwamnatin tarayya ta sa aka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, aka kai shi Chadi, bisa zargin wai shi ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta rushe wannan kora, ta tabbatar masa da 'yancinsa. Darasin a fili yake: wanda ya auna mutum da asalin ubansa, da wanda ya auna shi da launin fatarsa, mudu ɗaya suke awo da shi.

Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa, ko mahaifarsa, ko addininsa. Sai dai doka ba ta shiga ɗakin kwanan ɗalibai. Can ne ake yi wa wani laƙabi da baƙin fatarsa, a kira wani bawa saboda tarihin kakanninsa, a yi wa wani dariya don Hausarsa ba ta nuna ba. Idan ya nuna ɓacin rai, sai a ce ai wasa ne. Wasan dangi, irin na Barebari da Fulani, abu ne mai asali, kowa na jifa kowa na ramawa. Amma wasan da mutum ɗaya ne kullum ke haɗiye takaici, ya tashi daga wasa ya koma cin mutunci.

Saboda haka tattaunawar tana da ladubba. Na farko, a bar wanda abin ya taɓa ya faɗi damuwarsa har ya dasa aya, ba tare da an katse shi ba. Na biyu, a soki maganar da aka faɗa, kada a zagi ƙabilar mai faɗinta, don ba a wanke jini da jini. Na uku, wanda aka yi abin a gabansa ya tanka nan take, gama shirun mai kallo shi ke ƙara wa mai cin zali ƙarfi. Malamai kuwa, da ƙungiyoyin ɗalibai, suna da rana ta musamman a hannu: 21 ga Maris, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don tunawa da mutum 69 da aka kashe a Sharpeville a 1960. Ya kamata a riƙa amfani da ita a yi muhawara a fili.

Hare-haren da aka kai wa baƙi a Afirka ta Kudu a 2008 da 2019, har da 'yan Nijeriya, sun nuna cewa wanda aka zalunta jiya yana iya zama azzalumin gobe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibin da ya koyi mutunta maƙwabcinsa a Mairi, shi ne alƙali ko gwamnan da ba zai tambayi asalin mutum kafin ya ba shi haƙƙinsa ba.