Jami'a Ce Ko Kulob Ɗin Ƙwallo?

Wannan makon Amurka za mu leƙa, ƙasar da kullum muke kafa hujja da jami'o'inta. Akwai wata cuta da ke cin jami'o'in nan, amma saboda tana zuwa da tafi da ganguna ba a kiranta cuta: kuɗin da ake narkarwa a wasanni, musamman ƙwallon nan tasu mai kama da zari-ruga.

A 2019 Jami'ar Jihar Luwiziyana, wato LSU, ta buɗe ginin 'yan ƙwallonta da aka gyara da dala miliyan 28. Kowane ɗan wasa da kujerarsa mai miƙewa ta zama gado, irin ta manya a jirgin sama. A cikin harabar nan dai babban ɗakin karatu, ginin ƙarshen shekarun 1950, yoyo yake, ruwa na shiga benen ƙasa. Wani farfesan jami'ar, Robert Mann, ya fito fili ya ce shi da kansa yake share ofishinsa, da injin sharar da ya saya.

Nan take masu kare abin suka ce ai kuɗin gudummawar attajirai ne, ba na jami'a ba. A LSU wannan gaskiya ne. To amma jami'o'i nawa ne LSU? Alƙaluman hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, NCAA, sun nuna cewa a 2019, cikin jami'o'i 130 da ke babban rukuni, 25 kacal wasanni suka kawo wa fiye da abin da suka ci. Sauran daga asusun jami'a da aljihun ɗalibai ake cike giɓin. A Jami'ar James Madison ta jihar Bajiniya, ɗalibi na biyan sama da dala 2,000 a shekara kuɗin wasanni, ko da bai taɓa taka filin ba. Wanda ya ci bashi ya zo karatu, da bashin nan yake biyan albashin koci.

Ko kuɗin attajiran ma, aljihu ɗaya ne. A 2023 Jami'ar Texas A&M ta kori kocinta Jimbo Fisher, kuma yarjejeniya ta tilasta a biya shi sama da dala miliyan 75 don kawai ya tafi. Shugabannin da suka iya tara wannan domin sallamar mutum ɗaya, da wane baki za su ce babu kuɗin ɗaukar malamai? Abin da shugaba ya fi roƙo a kansa, shi ake ba shi.

Asarar da ta fi ciwo ba ta kuɗi ba ce. A Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill, binciken da aka fitar a 2014 ya gano an shekara 18 ana gudanar da darussan bogi: babu lacca, babu shiga aji, ka kawo takarda ɗaya wata ma'aikaciyar ofis ta ba ka maki mai tsoka. Ɗalibai kusan 3,100 suka bi ta wannan ƙofa, kusan rabinsu 'yan wasa ne da ake so makinsu ya kai su ci gaba da buga wa jami'a. Wa aka cuta? Yaran da aka ba takarda babu ilimi, da duk wanda ya sha wahala ya sami digirin gaskiya mai ɗauke da tambari iri ɗaya.

Za a ce ƙwallo ke sa a san jami'a. Fankan fankan ba shi ne kilishi ba. Jami'ar Cikago ta soke ƙwallon gaba ɗaya a 1939, ƙarƙashin shugabanta Robert Hutchins. Da ta dawo da ita a 1969, a matsayin wasan ɗalibai ta dawo da ita, ba kasuwanci ba. Har gobe tana sahun gaba a duniya, ba don kofi ba, don bincike.

Babu mai hankalin da zai ce ɗalibi kada ya motsa jiki. Magana ɗaya ce: wasan da ba zai iya ciyar da kansa ba, a rage masa tsawo daidai ƙarfinsa, kada a yanki naman aji a ba fili. Wanda kuma ya zama kasuwar biliyoyi, a cire masa rigar jami'a ya tsaya da sunansa na kulob.

Mai ja, fili nasa ne. Amma ya zo da lissafi, ba da ihun 'yan kallo ba.