"Albarka" Ba Zagi Ba Ce

Wata koyarwa ta mamaye tarurrukan horar da matasa sana'a: wai mai taushin zuciya ba shi da rabo a kasuwa sai ya kashe kunya, ya koyi naci, ya matsa wa mai saye har ya gaji ya biya. Wannan koyarwa ɓata ce, kuma masu yaɗa ta ba su fahimci kasuwar da suke magana a kanta ba.

Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ake cin kasuwar Kurmi, kuma cinikin Bahaushe ya daɗe da samar wa ƙi mazauni na mutunci. Mai saye ya taya. Idan tayin bai kai ba, mai kaya ya ce "albarka". Idan mai sayen ne bai gamsu ba, ya ce "Allah ya kawo kasuwa", ya wuce. Kowa ya ƙi, amma da addu'a aka rabu, domin farashi aka ƙi, mutuncin kowa yana nan. Ɗan kasuwar da ke kwana da ɓacin rai don an juya wa hajarsa baya, wannan darasi ne ya kuɓuce masa.

Haɗarin da ya fi girma shi ne ya kasa furta "albarka" da bakinsa. Tsoron kada a tafi ya sa ya yi ragin da ya taɓa uwar kuɗi, ya ƙara gyara, ya ba da bashin da nauyin baki zai hana shi tambaya. Haka jari ke zurarewa, alhali kunyar marar kunya asara ce.

Amma taushin zuciyar kansa dukiya ne. Shi ke sa mai atamfa a Kantin Kwari ya karanta a fuskar mace cewa kuɗinta bai kai ba, ya miƙo mata mai sauƙi ba tare da ya tona mata asiri ba. Wannan mata za ta dawo, har da ƙawayenta. Mai naci kuwa sau ɗaya yake cin riba, daga nan a riƙa kewaye rumfarsa.

Saboda haka a daina koya wa matasa bushewar ido. A koya musu su san uwar kuɗinsu, su yanke farashin da ba za su sauka ƙasa da shi ba tun kafin su buɗe rumfa, sannan su iya faɗin "albarka" da sakin fuska.