Faifan biki ya ƙi tashi? Kada a jefar tukuna

Duk wanda kasuwanci ya kai shi Kumasi, Kwatano ko Duwala ya san darajar faifan da aka aiko daga gida: bikin ƙanwa da bai samu zuwa ba, ko walimar saukar ɗansa. Sai a tara iyali, a sa faifai, na'ura ta yi ta juyi, daga ƙarshe ta rubuta "No Disc". Nan take a ce mai ɗaukar bidiyo ya cuce mu.

Ni dai abin da na fi gani, faifan lafiyarsa ƙalau. Matsalar daga wajen ɗorawa take. Yaran shagon kwamfuta da yawa kwafe fim ɗin kawai suke yi a matsayin MP4, kamar yadda ake tura wa waya. Kwamfuta za ta buɗe shi, amma tsohuwar na'urar DVD ba ta san wannan yaren ba. Ku sa shi a kwamfuta ku duba. In babu jakar da aka rubuta wa VIDEO_TS, ba faifan kallo aka yi muku ba, ma'ajiya ce. Wani lokaci kuma an ɗora daidai, sai dai ba a rufe faifan ba bayan an gama, to wannan sai injin da ya buga shi ne zai iya karantawa.

In kuwa yana tashi amma yana tsallake ko ya tsaya cak, ku goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Ƙurar hunturu ma takan rufe idon na'ura, don haka a gwada gidan maƙwabci kafin a yanke hukunci. Hoto babu kala ko yana birgima, galibi faifan Amurka ne, NTSC. Namu na nan PAL ne, kuma na'urori da yawa suna da wurin sauyawa.

Abin da ya fi damuna shi ne faifan gida ba irin na kamfani ba ne. Wani rini ne a cikinsa yake riƙe hoton, kuma rana da zafin mota suna cinye shi. Faifai ɗaya bai wuce 4.7 GB ba, ƙaramin filas ya ɗauke shi. In akwai wanda muryar marigayiya Hajiya ke ciki, a kai shi shago a wannan makon a kwafe, a ajiye ɗaya a nan, a aika ɗaya gida.