Wai Ina Jirgin Kayan Bukuru?

Kuza ce ta kawo kakanninmu Bukuru, ita ce kuma ta kawo jirgi. Saboda ita Bature ya shimfiɗo ƙaramin layin dogo daga Zariya har nan a 1914, ya ƙara da na Kafanchan a 1927. Ba don Allah ya yi ba, don aljihunsa ne, amma dai ya yi.

Namu shugabannin fa? A 2006 aka ce za a gina tashar kwantena a Heipang. A 2021 Buhari ya ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda ya ratsa Kuru, nan bayan gidanmu. Muka ji a rediyo, muka yi tafi. Dankalin Bokkos kuwa har yau a tirela yake gangara Hawan Kibo. Ni kaina na taɓa asarar buhu 40 a gangaren nan, direban da ƙyar ya sha.

Ranar karɓar haraji ba mai ce mana baƙi. To da kuɗin namu a gyara dogon, a ajiye mana taragun kaya a Bukuru, ko biyar ne, mu za mu cika su.