Shayin Rage Ƙiba da Shagunan Jabu na Intanet: Algushu Ya Sake Riga

  

'Yan uwa masu karatu, duk mai riƙe da waya a yau ya sha cin karo da hotunan nan guda biyu na mace ɗaya, a na farko ta cika riga, a na biyu ta zama siririya, a ƙasa an rubuta wai shayi ne ya yi aikin cikin wata guda. Mun zaɓi mu yi magana a kan wannan ciniki ne domin dukiya da lafiya duka yana taɓawa, kuma mata ne suka fi faɗawa tarkonsa.

Mu fara da abin da ke cikin ƙunshin. Da yawa daga irin wannan shayi ginshiƙinsu ganyen sanamaki ne, ɗan uwan filasko, wanda kakanninmu suka sani a matsayin maganin wanke ciki. Ya kan sa gudawa, ruwan jiki ya ragu, ma'auni ya nuna an sauka kaɗan, alhali kitse yana nan daram. Mai yawaita sha kuwa, gishirin jikinsa ya kan ƙaranta har zuciya ta shiga haɗari. Mafi muni, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano sinadarin sibutramine a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da ake tallarsu da sunan tsirrai zalla, alhali an janye wannan magani daga kasuwannin Turai da Amurka tun 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Ɗalibin fiƙihu zai tuna da mas'alar musarra: akuya ko taguwa da mai ita ya ƙi tatsa kwana da kwanaki, domin hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Shari'a ta hana haka, ta ba mai saye damar mayarwa tare da sa'i guda na dabino. To, mene ne bambancin wannan da shayin da ke matse ruwan jiki ya nuna wa mace ramar da ba ta tabbata ba? A ganinmu dabarar ɗaya ce, a nan an cika, a can an zubar.

Ba zato muke yi ba. A watan Maris na 2020 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta tuhumi kamfanin Teami na jihar Fulorida da cewa ya yi iƙirarin shayinsa na rage ƙiba, yana yaƙar ciwon daji, yana buɗe jijiyoyin jini, ba tare da hujjar ilimi ba, kuma ya biya fitattun mutane su yaba shi a Instagram ba su bayyana a sarari cewa talla ce ba. An yanke masa dala miliyan 15.2, aka karɓi miliyan 1 bisa dalilin cewa ba zai iya biyan saura ba. A 2022 aka mayar wa mutane fiye da 20,000 abin da ya haura dala 930,000. Mai karatu ya raba da kansa, ya ga ɗan abin da ya koma hannun kowa.

Wannan fa kamfani ne mai suna da adireshi, wanda hukuma za ta iya kamawa. Ina ga wanda ba shi da fuska? Nan ne shafukan kwaikwayo suke shigowa. Mutum zai kwashe hotuna da tambari da rubutun wani shago, ya sauya harafi ɗaya a adireshin, ya buɗe nasa cikin yini guda. Wani ya aiko da jabu, wani ba ya aiko da komai. Wani ya ce gwaji kyauta ne, kuɗin kawowa kawai za a biya, sai a wayi gari ana cirar kuɗi daga katin banki kowane wata bisa sharaɗin da aka binne cikin ƙananan haruffa. Idan ƙorafi ya yi yawa ya rufe, gobe ya ɓullo da sabon suna da tsofaffin hotuna. Har gidajen jarida ake kwaikwaya: a 2011 FTC ta gurfanar da masu talla goma da suka ƙirƙiri shafuka masu kama da na labarai, da 'yan jaridar ƙarya, don sayar da kayan rage ƙiba na 'ya'yan itacen asayi. Abin takaici, sau da yawa za ka ji mai shagon asali yana kukan an sace masa suna, alhali abin da yake sayarwa shi ma ba ya aikin da ya ce. Maƙaryaci ne ya ci amanar maƙaryaci, mai saye ne a ƙasa.

Shaidun yabo na ƙarya da ake jerawa a ƙarƙashin haja kuwa, sunansu najashu a wurin malamai. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Burunai a 1993, ta lissafa tallar da ke siffanta haja da abin da ba gaskiya ba cikin sababbin nau'o'in najashu da aka haramta. Sai a 2024 FTC ta fitar da ƙa'idar da ta hana saye da sayar da shaidun jabu.

Kada mu ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. Wannan shayi yana yawo a zaurukan WhatsApp na matanmu, kuma da yawa daga masu dillancinsa 'yan uwa mata ne masu neman halaliya, waɗanda ba su taɓa tambayar abin da ke ciki ba. Muna yi musu nasiha da cewa ƙaramar riba ba ta ɗauke wa dillali alhaki. Wadda ta tura hoton da ba ta san asalinsa ba, ta ce ta gwada alhali ba ta gwada ba, ta yi shaidar zur. Ta nemi lambar NAFDAC a jikin kwali, ta tabbatar da ita a rajistar hukumar, domin lambar ma ana buga ta jabu. Ta kuma sani cewa lambar ba shaida ba ce a kan cewa shayin yana rage ƙiba; shi ya sa ake rubuta wa irin waɗannan kaya cewa hukumar ba ta tantance iƙirarinsu ba.

Mu ma maza da namu laifin. Mijin da ke goranta wa matarsa jikinta bayan haihuwa uku ko huɗu, shi ne ya fara tura ta kasuwar nan. In ƙibar ta kai ga cutarwa, kamar mai hawan jini ko ciwon sukari, ya kai ta asibiti, ya biya kuɗin ganin likita.