Himmar Sabon Sojan Ko-ta-kwana

Hausawa sukan ce mutum yana zaman ko-ta-kwana idan ya kintsa tsaf, yana jiran abin da bai san ranar zuwansa ba. Daga nan aka samo sunan da ake kiran wani rukunin soja da shi, watau mutanen da suke da sana'arsu ta farar hula, amma suka yi rantsuwar ɗaukar makami duk ranar da ƙasa ta kira su. Sunan ya dace, domin kuwa ya fito da ainihin wahalar aikin a fili, wato jira. Za a ɗauki tsarin Amurka a nan a yi misali da shi, tun da yake ta daɗe tana dogara da irin wannan soja.

A can, kurtun sojan ƙasa yakan yi mako 10 yana karɓar horon farko, sa'an nan a koya masa fannin da zai riƙe. Bayan haka sai a sallame shi ya koma gida. Abin da ake bukata gare shi bisa al'ada shi ne Asabar da Lahadi sau ɗaya a wata, da kuma kimanin mako 2 na atisaye a shekara. In an haɗa, duka-duka bai kai kwana 40 ba. Ke nan tsakanin wannan fareti da na gaba akwai wajen kwana 28, waɗanda babu saje a kansa, babu mai busa masa begila da asuba. A cikin waɗannan kwanaki ne himma take mutuwa, kuma a cikinsu ne kaɗai za a iya rayar da ita.

Yadda abin yake faruwa kuwa ba boyayye ba ne. Saurayi ya fito daga horo jininsa na tafasa, yana ɗokin harbi da rarrafe cikin daji. Ya je faretinsa na farko, sai ya tarar da layin cika takardu, da ƙidayar kayan sito, da lacca a kan abin da ya riga ya ji sau uku. Ga shi ya yi aikin ofis ko na kanti kwana biyar, Litinin kuma tana jiransa ba tare da hutu ba. Kafin shekara ta zagayo, kakin da yake gogewa tun daren Alhamis sai ya koma ana ciro shi daga ƙasan akwati ranar Asabar da safe.

Wasu suna ganin maganin wannan shi ne a riƙa tuna masa da lada. Lalle akwai lada. Ana ba shi maki ɗaya a kan kowane zama na horo, fareti guda na ƙarshen mako kuwa zama huɗu ne. Shekarar da ya tara maki 50 ita ce ake lasafta masa, in ya cika irinta 20 ya cancanci fansho, wanda galibi sai ya kai shekara 60 zai fara karɓa. Har ila yau akwai dokar 1994 wadda ta wajabta wa mai gidansa na farar hula ya mayar da shi bakin aikinsa idan ya dawo daga kiran soja. Duk waɗannan abubuwa ne masu kyau. Sai dai fanshon da ke can gaba da shekara 35 ba zai tashi ɗan shekara 25 ya yi gudu da sanyin asuba ba. Maki 50 ɗin ma, wanda yake zuwa ya zauna kurum zai same su. Tsarin yana auna halarta ne, ƙwarewa kuwa an bar wa mutum da zuciyarsa.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne abin damuwa, tun da wasan ƙarshen mako ne? Tarihi ya ba da amsa. A ƙarshen 1990, lokacin rikicin Kuwait, an kira Birged ta 48 ta dakarun jihar Jojiya, wadda aka tsara za ta cike wata runduna ta sojan dindindin. Da aka duba ta sai aka ga tana bukatar ƙarin horo, aka kai ta hamadar Kalifoniya, har yaƙin ya ƙare a 1991 ba ta bar Amurka ba. Wannan kunya ce kawai. Abin da ya faru a kurkukun Abu Guraib na Iraƙi a 2003 ya fi haka muni. Kamfani na 372 na 'yan sandan soja, wanda mutanensa suka wulaƙanta fursunoni, na ko-ta-kwana ne, kuma binciken Manjo Janar Antonio Taguba na 2004 ya nuna ba a horar da su sosai a kan tsare fursuna da dokokin Janiba ba. Abin lura, biyu daga cikin waɗanda aka ɗaure gandurobobi ne a gida. Ashe sana'ar farar hula, duk da amfaninta, ba ta maye gurbin sanin ƙa'idar soja. Wanda ya tona asirin kuwa, Joseph Darby, ƙaramin soja ne daga cikin kamfanin nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka abin da ya fi wa sabon shiga shi ne ya daina jiran bariki ta sa masa himma. Ya zaɓi abu guda a fanninsa, ko rediyo ne, ko karatun taswira, ko tsai da jinin wanda ya ji rauni, ya ƙudura cewa kafin wata shida babu wanda zai fi shi saninsa a sashensu. Littattafan koyarwa na rundunar da yawa a buɗe suke ga kowa a intanet, rabin sa'a da dare ta isa. Daga nan ya roƙi sajensa ya ba shi minti goma ya koyar da abin a fareti mai zuwa. Wanda aka san zai tsaya gaban 'yan'uwansa ranar Asabar ba ya bukatar mai tashinsa karatu ranar Laraba. Ta haka ne kuma manya suke sanin sunan mutum, in gurbin kwas ɗin shugabanci ya faɗo su tuna da shi.

Motsa jiki shi ma haka yake, kwana biyu a wata ba su gina ƙirji. Batun gida da wurin aiki kuwa, ya miƙa wa mai gidansa da iyalinsa jadawalin shekara tun da wuri, don doka tana iya tsare masa kujera, amma ba ta tsare masa fuskar abokan aikin da ya bari da kaya ba zato.

Ko da gwiwa ta yi sanyi, ba shi ne ƙarshen mutum ba. Harry Truman yana akawun banki ya shiga dakarun jihar Misuri a 1905, ya bari a 1911 lokacin da aikin gona ya sha masa kai. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917 ya koma. Ba shi da digirin jami'a, aikin igwa kuwa lissafi ne tsantsa, dole ya duƙufa a kansa a makarantar soja yana da shekara 33. A 1918 aka ba shi rukunin igwa a Faransa yana kyaftin, mutane kusan 200 da suka yi suna wajen taurin kai, kuma ba a kashe ko ɗaya daga cikinsu a fagen fama a ƙarƙashinsa ba. Bayan yaƙi ya ci gaba da zama sojan ko-ta-kwana har ya kai kanar a 1932, shekara 13 kafin ya zama shugaban ƙasa.